Lado Ya Gane Muryata

Talata, 14 ga Mayu, 1996

Yau akuna Lado ya cije ni. Bai taɓa yi ba.

Ba shi da lafiya. Likitan dabbobi ya ce a lulluɓe masa kai da tsumma kafin a ɗura masa magani, kuma kada in yi magana, don kada ya san hannun wa ne. Yaya Sani ya riƙe shi, ni na ɗauki sirinji. Da na ji yana kuka yana shure-shure, sai bakina ya suɓuce na ce, "Sannu Lado, ni ce."

"Shi ke nan, kin tona kanki," in ji Yaya yana dariya. "Wai ke mai tausayi."

Da yamma na miƙa masa gyaɗa, ya kafa mini baki a yatsa. Yaya ya miƙa, ya karɓa. Yayan da bai taɓa wanke masa keji ba!

Gobe Yaya zai tafi garin Mutum Biyu, ga magani bai ƙare ba, Inna kuma tsoron bakin Lado take yi. Ni zan riƙe, ni zan ɗura. Zai warke in Allah ya yarda, ya zauna yana jiran dawowar Yaya.