Ambulan ɗin da Kaka Odessa ta aika ofis

Clarksdale, 3 ga Yuni

Zuwa ga jikata Tavia, manajar gobe,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takalman nan masu tsini ba su kayar da ke ba tukuna. Ga kacici-kacici, tunda ke ce 'yar jami'a: wane ne ya yi shekara goma sha ɗaya bai ce uffan ba, bai sayi tikiti ba, bai hau jirgi ba, amma ranar Talata zai iso Nashville ya kira sunanki? In kin canka, akwai kek ɗin dankali.

Uwarki ta ce kamfanin waƙar nan ya ɗauke ku ku goma sha biyu kuna koyon zama manya, biyu kaɗai za a riƙe. Na ce to sauran goman su fara haɗa kaya. Na aiko miki da ambulan ta adireshin ofis, don in ga ko da gaske kina da tebur. Kada ki kira ni a waya, kunnuwan nan sun yi ritaya.

Taki, mai yi miki addu'a,
Kaka Odessa

Nashville, 9 ga Yuni

Kaka,

Ina gaishe ki. Kin san aikin da aka fara ba ni? Duk ambulan ɗin da ya zo da waƙa ba tare da kamfani ya nema ba, ni ke buga masa hatimi in mayar da shi a rufe. Ba a buɗewa, ko na wane ne. Tsoronsu kada gobe mawaƙinsu ya fitar da waƙa, wani ya kai ƙara ya ce tasa aka saurara aka sata. Ran farko muka sa hannu a kan haka.

Na ga rubutunki a cikin tulin, zuciyata ta yi sanyi, na farke ambulan ɗin. Sai ga kaset ya faɗo a kan tebur, daidai lokacin da Madam Holcomb, shugabar shirin, take wucewa. Ta ce, “Tavia, mene ne wannan?” Na ce, “Na kakata ne, ranki ya daɗe.” Ta ce, “Kowa a garin nan yana da kaka mai kaset.”

Yanzu yana cikin durowarta a kulle. Lauyansu ya ba ni zuwa ranar ashirin ga wata: in rubuta cewa ban saurara ba, in kuma yarda a lalata shi a gabansu. In na ce a mayar miki, za a rubuta a takardata cewa na shigo da kayan dangi ta bayan gida, kuma shi ke nan. Shekara uku nake bin wannan gurbi, Kaka. Sau biyu aka ƙi ni. Ko abinci ba ya shiga.

Don Allah me ke cikinsa? In rerawar matan cocinku ce irin wadda kike ɗauka kowane bikin Ista, kina da wani? Amsa mini da gaggawa.

Jikarki,
Tavia

Clarksdale, 13 ga Yuni

Ja'irata,

Na gaishe ki. Na karanta takardarki sau huɗu a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, har Eula maƙwabciyata ta leƙo ta ce wa ya mutu. Na ce ba kowa, gidan masu sauraron waƙa ne ke gudun waƙa. Ni aji takwas na yi, ban san ana kama mutum don ya buɗe wasiƙar kakarsa ba.

Ki saurare ni da kyau. Na yi shekara talatin ina guge kayan mutane don wata a gidan nan ta zauna a kujera mai juyawa. Ba zan zama ni ce na janye miki ita ba. Ki sa hannu. Ki ba su su niƙa shi, su yi miya da shi in sun ga dama. Surutun tsofaffi ne a ciki, kuma ni ko an kunna mini yanzu motsin kaset ɗin kawai nake gani. Kada ki tsaya yi wa matar nan bayani, kada ki yi kuka a gabanta, hancinki kumbura yake yi kamar na uwarki.

Ki ci abinci. Ki sa hannu, Tavia, ina roƙonki. Ubangiji ya tsare.

Kakarki mai jawo magana,
Odessa

Nashville, 2 ga Agusta

Kaka,

Gaisuwa da murna! An riƙe ni! Ni da wani Delroy. Madam Holcomb ta ce yadda na miƙa kaset ɗin ban yi gardama ba ya nuna mata na san abin da aikin yake nema. Minti ɗaya injin niƙar bai yi ba ya gama da shi.

Amma na tambayi Mama me kika aiko, sai ta ajiye waya. Kuma har yau ban canki kacici-kacicinki ba. Na ba ki gari, faɗa mini. Ban da wasa, Kaka. Ba ki taɓa yi mini ƙarya ba.

Taki,
Tavia

Clarksdale, 7 ga Agusta

Manaja,

Barka, barka. Na zagaya coci da takardarki har Fasto ya gaji da ni. Ki zo ki ci kek ɗin, na yafe miki faɗuwar.

Kakanki Purvis ne, shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarsa. Ranar da aka kawo ki daga asibiti ya zauna a baranda da jitarsa ya yi miki waƙa, sunanki sau tara a ciki. Ita kaɗai ce muryarsa da muka taɓa ɗauka, kuma babu wani kaset ɗin.

Kakarki,
Odessa