Koren Motar Baba

Parakou, daren Talata.

Wa ya ce koɗewa abin kunya ce? Yaya Sani ya dame ni sai na yi wa motar marigayi Baba farin fenti, wai korenta ya mutu. Har na yi magana da mai fenti a unguwar Titirou. Yau a kasuwar Partago wata tsohuwa ta wuce direbobi biyu da kayan doyarta, ta nufo ni: "Ɗan Alhaji! Koren nan nake jira tun safe." Alhamdu lillahi da ba a taɓa ta ba. Gogewa kawai za a yi mata, ta yi sheƙi. Gobe a Gare, tashar motarmu, gaban direbobi, sai Yaya Sani ya amsa mini: in ta koma fara, wa zai jira ta?