Na Karɓe Makullin Sabata

Zuwa ga ɗan ƙanena,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara mana lafiya baki ɗaya. Mu nan kalau muke. Ƙafar Gwaggonka ta yi sauƙi har ta fara fita, ƙanwarka kuma ta samu aikin asibitin nan.

To, gaisuwa ta ƙare. Ranar Talata ka zubar min da mutunci. Shekara goma sha tara ina hawa rufin mutane da waya a kafaɗa kafin na mallaki sabar nan, babbar kwamfutar da nake riƙe wa makarantu aikinsu a ciki, ban taɓa sunkuyar da kai gaban kwastoma ba sai da na ba ka damar shiga daga nesa. Kai ka ce injin da ke ɗauke da jarrabawar makarantar nan ya cika, za ka mayar da aikin kan wani injin cikin sabar, layin kowa a buɗe, ko ƙiftawa ba zai yi ba. Ɗalibai ɗari da arba'in suna tsaka da rubutu! Ba ka fara sa kwamfutocinsu su dakata da turo amsoshi ba. Tsohon inji ya daina karɓa, sabon bai gama zama ba, amsoshi suka taru a wurin jira har ya cika ya zubar. Da sabon ya tashi kuma ka wangale masa baki, duk suka sake turowa lokaci guda, ya shaƙe, layuka suka yanke.

Sannan ka turo min saƙo wai matsalar daga wajen makarantar take. Shugabar makarantar ta tsayar da ni a baranda gaban malamanta, ta ce sai yaran sun sake jarrabawa, in an kuma za ta nemi wani kamfanin.

Jiya ma'aikaciyata, wadda kake kira mai ɗaure waya, ta yi wa wata makarantar irin wannan kwashewar. Ta tsayar da masu turowa, ta bari wurin jiran ya zama wayam, ta ɗauke aikin zuwa sabon inji, sannan ta sake su kaɗan-kaɗan. Ko layi ɗaya bai faɗi ba.

Na canza kalmar sirri. Kada ka sa mahaifinka ya kira ni, na riga ka zuwa wajensa. In kana son dawowa, rubuta wa shugabar takardar ban haƙuri, ka ce kai ne, ka jera digirorinka a ƙasa yadda ka saba.

Ka gaida matarka da surukarka, ka shafa min kan 'yan biyu. Su ba su yi min komai ba.

Baffanka.