Kwaɗon Baba Tela

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya maigidan, ya yara, ya ciwon gwiwar nan taki? Ni lafiya lau, sai karatu da ya sha mini kai.

Kin daɗe kina yi mini tsiya wai na tafi jami'a shekara huɗu don a koya mini tausayi, abin da kowa ke tsotsa a nono. To ki kwantar da hankalinki, a digirin hidimar jama'a rabin abin da ake koya mana cike takarda ne. Wannan zangon ƙarshe an fitar da mu aikin gwaji, ni aka tura ni wani ofishin jin daɗin jama'a, ɗaki guda da kabad uku na fayil da fanka mai kuka. Shugabar da ke duba ni muna ce mata Jan Biro, don ba ta karanta layi biyu ba ta zana ja ba. Kowannenmu yana da littafin rahoto: duk gidan da ka shiga ka rubuta abin da ka gani da abin da ka koya. Ƙarshen mako ta karanta ta sa hannu, daga nan makinmu yake fitowa.

Gida ɗaya aka damƙa mini, na wani tsohon tela da matarsa, ba ɗa ba jika. Tsufa ya ruɗa matar, irin na Innarmu. Ta manta sunan kowa, amma da ta ji ƙarar keken ɗinkinsa sai ta natsu. Shi ke mata wanka, shi ke ba ta abinci a baki, har kitso ya koya, sai dai tsagarsa a karkace kamar ba tela ba. Malamar Takarda yake kirana. Ya auna ni da ido ya ce shi zai ɗinka mini rigar ranar kammala karatu. Yaya, yau ne na fara jin karatun nan yana da amfani.

Ki gaishe mini da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Ni kam na tafka ɓarna, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai ke.

Ranar Talata na je gidan ba a lokacin da na saba ba. Na tarar da kwaɗo a ƙofar ɗaki, rediyo yana magana a ciki, ita kuma tana amsa masa. Ina tsaye Baba Tela ya dawo da ledar magani. Da ya gan ni sai da ledar ta faɗi. Ya ce tun ranar da ta fice aka tsinto ta a bakin babban titi ba takalmi, in fita ta kama shi yakan kulle ta, awa ɗaya, ya bar mata ruwa da taga a buɗe. Ya roƙe ni maganar ta tsaya tsakaninmu. Na ce masa to.

Sannan na zauna na rubuta ta a littafin rahoto, shafi uku. Na gaya wa kaina don a samo masa mai zama da ita ne. Gaskiya ne, amma ba ita kaɗai ba ce gaskiyar: na ga labari mai kyau, na so maki. Na ɗauki littafin kamar aikin aji, na manta abin da aka koya mana tun shekarar farko, cewa duk abin da ya shiga takarda ya zama na ofis.

Jan Biro ta karanta har ƙarshe ba ta zana ko ɗigo ba. Ta yaba mini, ta jawo wani fom. A fom ɗin akwai tambaya, ko ana kulle mutum a ɗaki, amsar e ko a'a. Babu wurin rubuta rediyo, babu wurin rubuta kitso. Na roƙi a ba shi mataimakiya, ta ce layin masu jira ya kai wata goma sha huɗu, amma a gidan kula da tsofaffi akwai gado mako mai zuwa.

Ki sa ni a addu'a. Tsoro nake ji.

Taki,
Auta

Yayata,

Na samu wasiƙarki, na gode da lallashi. Ina fatan duk kuna lafiya. Kin ce komai zai wuce. Ya wuce ɗin, amma ba yadda kike nufi ba.

Sun ɗauke matar Baba Tela, kuma da ni aka je, don yana cikin aikin gwajin. Ya goge mata kayanta ya ninke, ya ɗaura mata ɗankwali, ya riƙe hannunta har mota. Bai zage ni ba. Ko kallona bai yi ba, da ma zagin ya yi.

Gidan tsofaffin sai an hau bas biyu, ziyara sau biyu a mako. Na je na gan ta. Ta rame, ba ta karɓar abinci a hannun kowa, an yi mata aski don babu mai lokacin kitso. Ƙofar sashensu a kulle take safe da yamma. Can ma kulle ta ake yi, Yaya, sai dai su suna da takardar izini. Na rubuta ƙorafi sau uku. Jan Biro ta ce daidai na yi da na rubuta maganar kwaɗon, da gobara ta tashi matar tana kulle a ɗaki fa? Ita ma ba muguwa ba ce, abin da ke ƙona mini rai ke nan, na rasa wanda zan tsana sai kaina.

Sakamako ya fito. Ni ce ta ɗaya a ajinmu, har an ce za a riƙa karanta wa 'yan aji ɗaya rahotona a matsayin misali.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Shekarar da na zo hutu daga sakandare Inna ba ta da lafiya, na ga kwaɗon da kike ɓoyewa a bayan tulu. Na san kina kulle ta in za ki kasuwa. Na yi fushi da ke a raina, a kansa na zaɓi wannan karatu, wai don kada a ƙara yi wa wata uwa haka. Inna ta rasu a ɗakinta, kanta a cinyarki. Ki yafe mini.

Jiya maƙwabciyar Baba Tela ta kawo mini rigar. Ta zauna mini cif, ba inda zare ya kauce. Ta ce ita ce ɗinkinsa na ƙarshe, ya rufe keken da zane. Da na sa hannu a aljihu na ji abu mai nauyi. Kwaɗon ne, da makullinsa a jiki. Ba wasiƙa, ba saƙo.

Kada ki wahalar da gwiwarki ki zo bikin kammala karatun. Ban san ko zan je ba.

Ƙanwarki mai neman gafara,
Auta