Ƙarfen da Za a Sa Mini a Gwiwa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Kulu, wadda ke kwance a maƙabartar Dareta.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, Inna, ɗiyarki Balkisu ce, kuma da hannuna nake rubutawa. Kin tafi ban san baƙi ba. Sai da na yi furfura na shiga ajin manya.

Gwiwata ta dama ta cinye. Likitan ƙashi a Sakkwato ya ce sai an sa ta ƙarfe. Kin san abin da ke hana ni sukuni: jikarki Hauwa'u ta zama budurwa, amma har yau ni ke ɗaga ta, ni ke yi mata wanka. In ƙafata ta tsaya, wa gare ta?

Kin tuna shekarar da maza ke kawo duwatsun zinariya gida? Ni da ke muka daka su a turmin da muke dakan gero. Kika ce, "Dutse ne, ɗauraye turmin kawai." Ba wanda ya gaya mana akwai gubar dalma a ciki, mu ma ba mu tambaya ba. Muka binne ɗiyata Sa'adatu, Hauwa'u ta rayu ba ta taka ƙasa ba.

Shi ya sa da ɗanki Yaya Sani ya ce in dangwala yatsa a takardar yarda da aikin tiyata, kada in kunyata shi gaban likita, na ƙi. Na fito da littafina da fensir.

Iri biyu likita ya ajiye a gabana. Ɗaya ana liƙa shi da wani siminti na asibiti, yana kamawa tun ranar aiki. Ɗayan bayansa kaushi gare shi, ƙashi ne ke tsirowa ya riƙe shi a hankali, amma yana son ƙashi mai ƙarfi, nawa kuwa ya yi laushi. Duka biyun akwai roba a tsakani. Na sa ya faɗi sunan kowane ƙarfe da ke ciki, ina rubutawa harafi-harafi, Yaya yana tsaki a bayana. Na tambaya ko akwai dalma. Ya ce babu. Na ce ya rubuta mini haka ya sa hannu. Ya rubuta.

Na zaɓi mai siminti. Tsoro nake ji, Inna. Amma duk mai cewa na cika tambaya, ya zo in nuna masa kabarin Sa'adatu.

Ban taɓa riƙe ki a raina ba kan turmin nan, wallahi. Hannuna ma yana kan taɓarya.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya haɗa ki da Sa'adatu, ni kuma Ya tashe ni a kan ƙafafuna in ɗauki Hauwa'u. Amin.

Taki, wadda ta rubuta sunanta da kanta a takardar likita,
Balkisu