Gaisuwar Tashar Bas

Talata, 14 ga Mayu, ƙarfe biyar da minti goma na yamma, a ɗakin canza kaya.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya ƙafar Umma? Ni lafiya lau, na fara sabawa da aikin ɗibar jini.

Akwai wani mutum a tashar bas da nake gaisarwa kullum, yadda Umma ta koya mana. Ashe shi wata manufa ya ɗauka. Jiya ƙarfe huɗu saura kwata ya damƙe min hannu. Na fizge, hannun riga kawai ya yage, kada ki damu.

Na leƙa wuraren koyon kare kai biyu. Mai koyar da dambe ta kalli yatsuna ta ce, "Ƙanwata, da waɗannan kike laluben jijiya? Sake tunani." Masu kokawar judo suna koyar da kuɓucewa daga riƙo, amma da maza ake atisaye. Judo nake so. Ki lallaɓa min Baba, ban da zancen rigar. Allah ya bar zumunci.

Ban san ko zai yarda ba. Ban san wata nawa zan yi kafin in iya ba, ban kuma san ko mutumin ya san gidan da nake ba. Ban san ko gobe bakina zai iya wuce shi shiru ba.

Ƙanwarki