Yatsun ɗan gwaggona sun fi idona sauri

Anti, don Allah ki taimake ni kafin in yi abin da zai raba zumunci. Ni ne shugaban masu aikin famfo a wani kamfanin gine-gine. Ɗan gwaggona kuma shi ke riƙe da jadawalin aiki a kwamfuta, wato shi ke tsara ranar da kowane rukuni zai shiga gini, mu da masu wuta da masu tayil. Tare muka tashi, kuma tun muna yara bai taɓa ba ni amsa ba tare da tsokana ba.

A da idan na shiga ofis nakan tsaya a bayansa in bi 'yar kibiyar nan ta kan allon kwamfuta da ido. In ya ja linzamin kwamfuta ya taɓa layinmu, na gani, in ya matsar da rana, sai in ce tsaya. Hankalina kwance. To tun da aka tura shi wani kwas ya dawo, ya daina taɓa linzamin, har ƙura ta hau shi. Sai dai ya kifa yatsu a kan maɓallai, taf-taf, allo ya ƙifta, komai ya canza. Wai yanke yake bi. Ni kuwa ina tsaye kamar an kawo ni gadi.

Abin da ya fara ɗaure min kai a taron mako ne. An haska jadawali a bango, manaja na zaune, sai ya danna wani abu, duk layukan aikinmu suka ɓace, saura suna kawai. Na masu tayil kuwa ga su nan reras. Kuma shugaban masu tayil ɗin nan abokin cin abincinsa ne, kullum tare. Da na tambaye shi bayan taro, dariya ya yi, wai in kwantar da hankalina, bututuna yana nan ba wanda ya sace. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na haɗiye.

Na ce bari in gano da kaina. Na yi kwanaki ina lura da inda yatsunsa ke sauka. Ranar da ya fita cin abinci ya bar kwamfutar a buɗe, na zauna na zaɓi layukanmu da na masu tayil, na danna irin yadda nake ganin yana yi, na sake gwada wasu. Ban ga komai ya faru ba, sai na tashi. Wannan ma ya ƙara min zargi, don ke nan akwai sirrin da bai bari a gani.

Mako bai zagayo ba sai ga masu tayil sun riga mu shiga bene na biyu. Sun shimfiɗa tayil a banɗakuna alhali ba mu gwada bututu ba. Da muka saki ruwa wani ya yi yoyo, dole aka fasa. Manaja ya wanke ni tas a gaban yarana, ya ce aka sake haka zai nemo wani. Anti, ina da iyali. Zuciyata ta tsaya a kan cewa da gangan ɗan gwaggona ya juya ranakun don abokinsa ya gama da wuri. Na yi niyyar faɗa wa manaja haka. Abin da ke riƙe ni kawai shi ne fuskar Gwaggo, wadda ta goye ni. In kai ƙararsa, ko in yi shiru a kore ni?

Mai famfo da ke cikin zullumi

Malam mai famfo, sannu da wannan damuwa. Tsoron rasa aiki ba abin wasa ba ne, kuma ɗan gwaggonka bai kyauta ba. Jadawalin da abincin mutane ya rataya a kai ba wurin nuna gwaninta ba ne. Idan zai canza abu a gaban taro, ya faɗa da baki, kuma tambayar gaske tana bukatar amsar gaske, ko da daga abokin tsokana ne.

Amma sauri ba shaida ba ne. Yanken nan da yake bi, aikin da linzami ke yi shi suke yi, kibiyar ce kawai ba ka gani. A irin waɗannan manhajoji akwai maɓallan da ke naɗe ƙananan layuka a ƙarƙashin babban suna don allo ya yi sarari. Mai yiwuwa abin da ka gani a taro ke nan.

Yanzu ka daure ka ji mai ɗacin. Akwai kuma maɓallan da ke ɗaure wani aiki da wani, ko su kwance su, ranaku su matsa can gefen da idonka ba ya kai. Ka zauna a kan jadawalin kamfani, ka zaɓi daidai layukan nan biyu, ka danna abin da ba ka sani ba, sannan ranakunsu suka rikice. Ban ce kai ne ba, ban kuma wanke shi ba. Amma mutum biyu ne suka taɓa layukan, kuma ɗaya kawai kake tuhuma.

Saboda haka kada ka je wurin manaja tukuna. Ka samu ɗan gwaggonka ku biyu, ka ce yau ba wasa, ka faɗa masa abin da ka yi. Ku buɗe kwafin jadawalin, ba na aiki ba, ka nuna masa inda ka danna, shi ma ya maimaita nasa a hankali yana faɗin aikin kowane maɓalli. Ka koyi kaɗan daga ciki. Ku kuma yi ƙa'ida cewa ranar aikinka ba ta motsi sai an sanar da kai. Idan ya ƙi zama, ko ya ci gaba da dariya, to zarginka ya samu ƙafa, sai ku je gaban manaja tare, ka yi maganar yana ji.

In kuwa ta tabbata yatsunka ne, kai za ka faɗa wa manaja da bakinka. Zai yi nauyi, na sani. Amma gara ka sha faɗa a ofis a kan tayil, da ka shiga gaida Gwaggo bayan ka sa an kori ɗanta a kan abin da hannunka ya yi.

Allah Ya tsare maka aikinka, Ya bar ku tare.